Zinariya, Mai Auna Wa Muryata Ruwa

Ranar Talata, biyu ga watan Disamba na shekarar 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira baiwarsa Zinariya Sammani, makaɗiyar tulu ta Zumuntar Mata a ikilisiyarmu da ke Sabon Gari, Kano, bayan jinyar 'yan watanni. Ta bar mijinta Malam Sammani, da 'ya'yanta Alheri da Ishaku, da jikoki. An yi jana'izarta ranar Juma'a. Ni Rahila, mai ɗinki, wadda ta ja waƙa a kan kiɗanta fiye da shekara talatin, ni ce mai wannan rubutu.

Ina kan keke ina haɗa ankon Kirsimeti na matan zumunta wayata ta yi ƙara. Ba Malam Sammani ne ya kira ni ba, ba kuma Alheri ba ce. Ifunanya ce. Ta ce, "Mama Rahila, Mama ta tafi." Na tambaye ta daga ina take magana, ta ce daga asibiti, kuma hannun Zinariya yana cikin nata har numfashi ya tsaya. Zinariya, kin san ni ba na iya kwana-kwana, don haka zan faɗa miki yadda abin ya zo mini. Kafin hawaye ya zo, tambaya ce ta riga shi: me ya sa ita? Na ajiye wayar a kan yadin da nake yankawa, na zauna ina kallon bango, baƙin ciki da kishi suna cin zuciyata a lokaci guda, na rasa wanda ya fi wani zafi.

Kishi nake yi, kuma ba zan lulluɓe shi da kalmomin yabo ba. Masu yabonki suna da yawa, sun kuma yi a wurin jana'iza har rana ta karkata. Ni ma zan yabe ki, don kin cancanta, amma da kishina zan yi, yadda kika san ni.

Ga wanda bai san Ifunanya ba, 'yar ƙabilar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari, tana da shagon kayan wuta a kasuwa. Auren ɗan ikilisiyarmu ne ya kawo ta cikinmu 'yan shekarun baya. Tana jin Hausa kamar jakin Kano, tana durƙusawa har ƙasa in za ta gaishe ni, ba ta taɓa ɗaga mini ido ba. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Da marar kunya ce, da na sami abin riƙewa.

Mu kuwa mun haɗu tun muna amare, ke daga ƙasar Sumaila, ni daga Malumfashi. A koyon waƙa na farko kika kwaikwayi Katsinancina a gaban mata har suka faɗi da dariya, na yi fushi na ce ba zan ƙara zuwa ba. Washegari sai ga ki a ƙofar ɗakina da kwanon waina mai zafi da miyar taushe, kina cewa Bakatsiniya ba ta iya fushi da cikinta a wofi. Daga ranar ban ƙara sanin wani abu ya same ni ban fara gaya miki ba. Ke ma haka, ko kuwa haka na ɗauka.

Waina kike toyawa a gefen shataletalen Bata tun muna matasa har ƙafa ta gaza. 'Yan dako da masu tura baro na Kantin Kwari sun san tandarki, sun kuma san cewa wanda ya tsaya a gabanta yana sosa ƙeya ba ya tafiya da yunwa. A Kwaciri kika zauna duk rayuwar aurenki, gidanku kaɗai ne na Kirista a layin, kuma ba a taɓa jin kanki da kowa ba. Kowace Kirsimeti sai kin aika a kira Malam Almu mahauci ya yanka kajin da hannunsa, don shinkafarki ta shiga kowane gida ba tare da wani ya yi shakka ba. In kina gwada kiɗa a tsakar gida aka kira salla, hannunki yakan tsaya cak a sama har ladan ya gama. Maƙwabciyarki Hajiya Hajo ta ce mini ta fi gane lokacin la'asar da shirun tulunki fiye da agogon bangonta.

Da mijina ya rasu, ke kika tare a ɗakina har aka watse daga zaman makoki. Ba ki yi mini wa'azi ba, ba ki ce in daina kuka ba. Kika yi ta tsefe mini kai kina kitsawa, ki tsefe ki sake kitsawa, don dai hannunki ya kasance a jikina. Na tambaye ki ko kitson ne bai yi ba, kika ce kaina ne ba shi da tsari tun asali. Dariyata ta farko ke nan bayan rasuwarsa.

Amma abin da ikilisiya za ta fi tunawa da ke shi ne watan Disamba. Duk wanda ya san layinmu ya san coci-coci ne a jere kamar shaguna, kuma akwai shekarun da kowace ta shiga gasar lasifika da maƙwabciyarta. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Aka sayo kibod, aka sayo ganguna na zamani, aka kafa lasifikoki masu tsawon mutum a gefen bagadi, in aka kunna su har benci rawa yake yi. Wata Lahadi a farkon watan Kirsimeti Fasto yana tsakiyar addu'a, sai cocin da ke bayanmu suka kai ƙarshen tasu, tsofaffinmu na sahun baya suka amsa da amin suka zauna abinsu. Kowa ya yi dariya bayan an tashi. Ke ba ki yi ba.

A taron ikilisiya na gaba kika ɗaga hannu, ke da ba ki saba magana a gaban dattawa ba. Kika ce, "Jariri muke zuwa gani a watan nan. Wace uwa ce za ta yarda a ɗora wa jaririnta wannan ƙarar a ka?" Matasa suka ce in muka kashe namu, na maƙwabta zai binne mu. Kika ce a rufe tagogin wancan ɓangaren, kowa ya bar bencinsa ya matso gaba. Fasto ya yarda a gwada Lahadi ɗaya, ina jin don ya huta da ke ne.

Na tuna Lahadin. Aka cire wayoyi, aka tura kibod jikin bango aka rufe shi da zane. Tulu ɗaya, caki, kuge da tafi, sai muryoyinmu. Da farko kunya ta kama kowa, don mun shekara da shekaru ba wanda ya ji muryar na kusa da shi. Kafin a kai baiti na biyu na waƙar makiyaya, sai na ji wata tsohuwa a bayana tana bin amshi da muryar da na ɗauka ta daɗe da mutuwa. Maza suka shigo daga ƙasa-ƙasa. Jarirai suka yi barci a bayan uwayensu. Ƙarar maƙwabta tana nan ba ta ragu ba, amma mutanen da suka matsu kafaɗa da kafaɗa suna jin junansu. Daga shekarar ya zama al'adarmu: daga Lahadin farko ta Disamba har zuwa sabuwar shekara, ba abin da ake jona wa wuta. Ebuka mai kibod, wanda ya fi kowa tada jijiyar wuya a taron, shi ne daga baya ya nemo jitar katako ya koya, yana zama a ƙasa kusa da ƙafarki. Har daga wasu coci-cocin ake zuwa a tsaya a baranda don a ji.

Duk wannan a kan tulunki ya tsaya, tulunki kuma a kan muryata. Wanda bai taɓa ganin tulun kiɗa ba, tulun ƙasa ne irin na ruwa, sai dai an huda masa ƙofa a kafaɗa. Ana buga hudar da tafin hannun dama, na hagu yana riƙe da wuyan. Ruwan da ke ciki ne ke saita muryarsa: in an ƙara ruwa ta hau, in an rage ta sauka. Makaɗa da yawa zubawa kawai suke yi su hau bugu. Ke kuwa sai kin zo da bokiti da moɗa, ki zauna ki rungume tulun tsakanin gwiwoyi, ki dube ni ki ce, "Rahila, ja mu ji." In ja layi ɗaya, ki buga, ki karkata kai, ki zuba moɗa guda, in sake ja, ki rage kaɗan, har sai muryar tulun ta kwanta daidai ƙarƙashin tawa. Sai ki lumshe ido ki yi wani ɗan murmushi. In na ga wannan murmushin, ko gaban wa zan iya buɗe baki.

Wajen sayen tulu ma ba a gama miki da wuri. Ke da Hajiya Hajo kukan bi rumfunan masu tukwane kuna ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa, har masu kaya su gaji su ce ku ɗauki wanda kuke so ku ba su wuri. Hajiya ba ta taɓa taka ƙofar coci ba, amma takan ce, "Wannan ba zai dace da Rahila ba, ya cika tsiwa." Har maƙwabtanki sun san don wa ake sayen tulun.

Shekaru suka yi ta tafiya, ruwan ya yi ta raguwa. Ni tela ce, idona ma'auni ne, na lura. Da cikakken bokiti kike zuwa, ya koma rabi, ya koma 'yar roba, daga baya moɗar kaɗai. Ba ki taɓa ce mini muryata ta tsufa ba. In na kasa kai wani wuri a waƙa sai ki ce sanyi ne, ki kwance bakin zane ki miƙo mini citta da kanumfari. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Aka zo shekarar da kika daina zuwa da ruwa gaba ɗaya, tulun a bushe ƙayau, amma duk da haka in kin buga sai ya zauna a ƙarƙashin muryata lafiya lau. Na ce a raina Ubangiji ya tsayar mini da ita a nan, na gode masa. Muka ci gaba a haka Kirsimeti bayan Kirsimeti.

Sai bara. Ranar koyon waƙa na farko a watan Nuwamba, ina zaune a wurina na sahun gaba, na hango ki kin shigo da bokiti cike har yana zuba a ƙafarki. Na yi mamaki, har na fara gyara murya. Kika zauna, kika rungume tulun, idonki ya wuce ta kaina kamar ba ni a wurin, kika ce, "Ifunanya, ja mu ji."

Ta ja. Kika zuba. Ta sake ja, kika ƙara. Ina jin ƙarar ruwan yana sauka a cikin tulun moɗa bayan moɗa, ruwan da rabona da a zuba mini irinsa tun Alheri tana goye. Da kika buga, tulun ya yi wata irin amsawa da na manta yana da ita. Wata daga cikin mata ta miƙo mini caki, ta nuna mini sahu na biyu. Na karɓa na koma. Daga can na ga fuskarki. Kin lumshe ido, kin yi murmushin nan. Zinariya, ni na ɗauka nawa ne ni kaɗai.

Da aka tashi muka taka tare zuwa Bata neman adaidaita, kamar yadda muka saba. Ina jira ki ce wani abu, ke kuma kina ta ba ni labarin tsadar shinkafar tuwo. Da na gaji na ce, "Ba ki da abin da za ki ce mini?" Kika ce, "Yarinyar tana da murya, Rahila." Na ce, "Ai na ji." Iyakar maganar ke nan, ba mu ƙara tada ta ba har kika koma ga Ubangiji.

Ba mu ɓata ba. Na ci gaba da zuwa Kwaciri, kin ci gaba da aiko mini da waina ranar Asabar. Ni na ɗinka ankon bara, har da na Ifunanya, kuma na ɗinka mata shi da kyau, kowa ya gani, kada wani ya ce Rahila ta huce a kan yadi. Ranar Kirsimeti ta tsaya inda na saba tsayawa, ta ja waƙar makiyaya, mutane suka yi ta share hawaye. Muryarta wasai take kamar ruwan randa, ba zan yi mata ƙarya ba. Ina bayanta ina kaɗa caki daidai ƙa'ida, ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. A bakin ƙofa mutane suna ce mini, "Mama Rahila, kin ga magajiyarki?" Ina cewa na gani, mun gode Allah.

Da damina ta ja baya a bana ciwo ya kwantar da ke, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Duk sanda na zo duba ki da yamma sai in tarar da takalman Ifunanya a ƙofar ɗaki, in jiyo bugun tulu daga ciki tun ina zaure. Da na yi sallama sai kiɗan ya tsaya. In shiga in same ku kun yi tsit kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya, ta tashi ta ba ni kujera, ta ce bari ta je ta duba shago. Hajiya Hajo ta ce mini kullum sai yarinyar ta zo, da zarar ta rufe shagon. Ni da na san inda kike ajiye kuɗin cefane da inda kike ɓoye hawayenki, na zama baƙuwar da ake yin shiru in ta shigo. Sau da yawa na koma gida ban iya cin abinci ba.

A wurin jana'iza Fasto ya kira ta 'yar ɗakinki. Ta zauna a tabarmar masu makoki tsakanin Alheri da matar Ishaku, layi ya yi tsawo ana ce mata, "Sannu Ifunanya, uwarki ta tafi." Ni aka ce in kula da tukwanen shinkafa a bayan gida, tunda na san kan gidan. Na kula da su. Ina cikin hayaƙi ina rabon abinci sai na ji an kama hannuna. Hajiya Hajo ce, ta ratso maza da mata ta zo har murhu. Ta ce, "Rahila, ya haƙuri? Ke aka yi wa rashi." Ita kaɗai ta faɗa mini haka a ranar, kuma a kafaɗarta na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata.

Da yamma Malam Sammani ya tara mu ya ce kin bar wasiyya a ba Ifunanya tulun. Aka ɗauko shi daga ƙuryar ɗaki aka sa mata a cinya. Na san ni ba makaɗiya ba ce, ban taɓa iya buga shi ba, ba abin da zan yi da shi sai kallo. Duk da haka na so a ce ni aka ba.

Lahadin farko ta Disamba muka yi sujada ba tulu. Waƙa ta yi ta tangaɗi, masu tafi suna gaba, masu amshi suna baya, ƙarar maƙwabta ta shigo ta cika wurin da kika bari. Bayan an tashi dattawa suka zauna. Wasu suka ce al'adar nan da mai ita ta tafi, a jona kayan wuta a huta. Ebuka ya roƙa a ƙara wa mata lokaci. Aka tsaya a kan cewa in zumunta ta iya tsayar da mai bugu da mai ja kafin Kirsimeti, a ci gaba, in ba haka ba a cire zane daga kan kibod, kuma kowa ya san in aka cire shi a bana ba za a ƙara mayarwa ba.

Ifunanya ta same ni a shago. Ta durƙusa a gefen keke ta ce mutum ɗaya ba ya bugu kuma ya ja, ita za ta buga, ni in ja. Na ce mata ai Mamanta ta sallami muryata tun bara, a gaban kowa. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Mama, ki zo dai ranar Alhamis."

Na je, ba don ita ba, don kada a ce a hannuna abinki ya mutu. Ba ta zo da bokiti ba. Ta zauna a kujerarki, ta rungume tulun tsakanin gwiwoyi, ta dube ni ta ce, "Mama Rahila, ja mu ji." Kalmominki a bakinta. Saura kaɗan in ɗauki jakata in fita. Na daure na ja layin farko, ta buga. Tulun yana can sama, muryata tana can ƙasa, ba abin da ya haɗa su. A karon farko na ji muryata tsirara, na ji inda shekaru suka kai ta. Ko busasshen tulu ya fi ta tsayi. Mata suka sunkuyar da kai suna kallon siminti.

Sai na ga ta ɗaga hannun hagu daga wuyan tulun, ta lanƙwasa shi, ta rufe fiye da rabin bakin da tafinta, ta ce in sake. Na sake. Ta buga. Muryar tulun ta sauko ta kwanta a ƙarƙashin tawa, daidai inda na saba samunta. Na tsaya a tsakiyar layi na ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Mama ce. Ta ce muryarki ta daɗe da wuce busasshen tulu, da hannu take biyo ki. Bara hannun ya daina jurewa, ko moɗa ba ta iya riƙewa da shi. Shi ne take koya mini. Ta ce kada in bari ki gani, amma ni ban iya ɓoyewa kamar ita ba."

Nan na tuna ɗan mayafin da kika fara yafa wa bakin tulun a shekarun nan, hannunki na hagu a ƙarƙashinsa. Na taɓa tambayarki, kika ce ado ne, tulu ma yana son anko. Sujada guda cur, waƙa bayan waƙa, hannu a lanƙwashe, ke da kika kwana kina juya waina da shi. Ni kuwa ina tsaye a gaba ina gode wa Allah da ya tsayar mini da murya.

Matan zumunta suka fashe da kuka, suna cewa ba su taɓa ganin ƙauna irin wannan ba. Gaskiya suka faɗa. Amma ni da fushi na koma gida, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai gama sauka ba. Zinariya, kin zauna da yarinyar da aka haifa muna da aurenmu, kin buɗe mata sirrin maƙogwarona. Kin gaya mata ciwon hannunki. Kun yi watanni kuna maganata a ɗaki, kuna auna inda na gaza, in na yi sallama ku yi shiru. Me ya hana ki gaya mini? Da kin ce, "Rahila, kin tsufa, ni ma hannuna ya mutu," da mun yi dariya har mun riƙe ciki, da na nemo man zafi na murza miki shi kowace yamma. Wannan aikina ne, kika ba wata. Kin ji tausayina, ni kuwa ban taɓa neman tausayi a wurinki ba, asirinki nake so, yadda na ba ki nawa duka.

Kada kuma ki ce mini hannun ne kaɗai. Na yarda hannun ne ya sa kika sauke ni. Amma na ga fuskarki ranar da kika cika mata tulun, kin ji daɗin muryarta har cikin ranki, ba kuma don ni kika lumshe ido ba. Wannan ba wanda zai lallashe ni a kansa, da shi zan zauna.

Zan ja waƙar ranar Kirsimeti. Mun gaya wa dattawa, sun bar zanen a kan kibod. Hannun yarinyar yana fara rawa tun a baiti na uku, ta ce da dare ba ta iya ɗaga shi, amma tana ƙoƙari, kuma kunnenta yana da kyau. Na san ba ni da shekaru da yawa a sahun gaba, akwai ranar da ko an rufe bakin tulun ruf ba zai same ni ba. Kafin ranar, abin da kika kafa ba zai faɗi ina tsaye ba.

Ubangiji Allah mai jinƙai, wanda ya aiko Ɗansa cikin komin dabbobi ba tare da ƙara ko shela ba, ya ji ƙanki, Zinariya. Ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki cikin hutunsa, ya warkar da hannun da ya gaji. Ya sāka miki da alherin da kika yi wa mayunwata a Bata, da zaman lafiyar da kika shuka a Kwaciri, da shirun da kika koya wa ikilisiyarsa. Amin.

Malam Sammani, ya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da kai, ya zama abokin zamanka a gidan da ya yi maka faɗi. Alheri da Ishaku, da jikoki duka, Allah ya ba ku ƙarfin zuciya, ya sa ku gaji halinta. Hajiya Hajo da Malam Almu da dukan maƙwabta da suka cika layi ranar jana'iza, mun ga zumunci, Allah ya bar mu tare. Matan zumunta da dukan ikilisiya, Ubangiji ya share mana hawaye.

Ifunanya, na daɗe da alƙalami a hannu kafin in rubuta sunanki a nan. Ya haƙuri? Uwarki ce, na yarda, kin kuma yi mata abin da 'ya take yi. Allah ya ba ki dangana. Ranar Kirsimeti ki zauna kusa da ni, ki bar hannun a fili, kada ki yafa masa komai. Wadda ta iya ɓoye mini ta tafi.